Ku raga wa hanyar komowa nata rabo

Ƙannena masu shirin hita waje hutu, bari in ba ku labarin ran da zan baro Istambul, don wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba na son ɗayanku ya ɗanɗana irinta.

Kwana 10 na yi can, kusan kullum ina unguwar Laleli wajen sayen tsaraba, abayar Inna, takalman yara, turaren uwargida da na ƙannenta, duk wanda ya faɗo mini a rai sai in ce kai wane ma bai kamata in koma mishi hannu sake ba, ban taɓa tsayawa na auna abin da nake tarawa ba. Tikitina jaka biyu ya ba ni, kowace kilo 23. Da na aza ta farko bisa sikeli sai ga 29, ta biyu 27. Matar da ke wurin ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi ko in biya ko in rage. Aljihuna kuwa saura Yuro 40, wajen jika 26 ke nan na sefa, kuma su ne kuɗin motata daga Yamai zuwa Tahoua.

Nan na durƙusa tsakiyar mutane na zuge jaka, kayana a baje bisa tayil, layi na jirana, zufa na zuba. Cikin ruɗewa na kwashi kwalaben turare uku na tura cikin jakar hannu don in rage nauyi, ashe kaina na cuta. Wajen bincike duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa cikin jakar hannu, ko da sabo ne cikin kwalinshi. Ina ji ina gani aka aje su gefe. Turaren nan shi ne abu guda da uwargida ta roƙe ni da bakinta.

Don Allah ku nemi ɗan sikelin hannu tun daga gida, ku auna kaya a masauki daren da za ku taso. Turare da mai su shiga babbar jaka, batirin cajin waya na ko-ta-kwana kuma ya zauna hannunku, shi ba a yarda a tura shi cikin kayan ƙasan jirgi ba. Fasfo da katin rigakafin shawara ku sa su wuri guda. Kuma ku hito da wuri, hilin jirgin Istambul yana da nisa daga gari, ga girma kamar ba ya ƙarewa.

Amma wadda ta fi ci mini rai ita ce ta kuɗi. Na ba da Yuro 40 ɗin nan aka ɗaukar mini wasu kilo, sauran kayan na bar su can. Na sauka hilin jirgin Diori Hamani na Yamai ko kuɗin taksi babu, ga Tahoua na gabana sama da kilomita 500, sai an bi Dosso, Dogondoutchi, Konni. Dole na kira ɗan kawuna na raba shi da iyalinshi ya zo ya ɗauke ni, shi ya yankar mini tikitin mota washegari. Tun ran da kuka tashi daga gida ku ware kuɗin taksi, na kwana da na mota, a sefa, ku naɗe su cikin ambulan, kada hannu ya kai gare su sai ƙafarku ta taka Yamai.