Yadda Muka Ɗebo Samfuri Daga Ginshiƙin Kogo a Meghalaya

A lokacin da nake karatun ilimin duwatsu a Indiya, na samu damar bin ayarin malamanmu zuwa wani kogo da ke kusa da Sohra, garin da aka fi sani da Cherrapunji, a jihar Meghalaya. A watan Janairu muka tafi, domin da damina ruwa yakan mamaye hanyoyin cikin kogon har shiga ta gagara.

Abin da ya kai mu shi ne ginshiƙin dutse mai tsirowa daga ƙasan kogo, wanda masana ke kira sitalagmait. Ruwan sama ne yake ratsa dutsen farar ƙasa, ya narkar da kaɗan daga cikinsa, sa'annan ya riƙa ɗiga a wuri guda yana barin siririn ɓawo, wani bisa wani, har tsawon dubban shekaru. A cikin irin wannan ginshiƙi na kogon Mawmluh, da ke yankin, aka samu alamar babban sauyin yanayi na shekaru 4,200 da suka wuce, shi ya sa a 2018 aka raɗa wa zamanin da muke ciki sunan Meghalaya.

Ginshiƙin da muka zaɓa ya fi ni tsawo, kuma hannuwana biyu ba su iya zagaye shi. Na ɗauka sare shi za mu yi, amma malaminmu ya ce abin da ya yi shekaru dubbai yana girma ba a kayar da shi saboda takardar digiri, ga shi kuma da wannan sharaɗi dattawan ƙauyen suka ba mu izini. Sai muka kafa injin huda mai batir, wanda bakinsa bututu ne mai ƙwayoyin daimon, yana fito da sandar dutse mai kaurin babban yatsa. Dole hudar ta kai tsakiyar ginshiƙin, inda ruwa ke sauka, domin a nan ɓawon ya fi kauri da tsabta. Aikina shi ne fesa ruwa a bakin injin kada ya yi zafi, kuma na yi sa'o'i a durƙushe cikin laka, safar hannuna ta jiƙe sharkaf, farin ruwa kamar koko yana gangarowa ta gwiwar hannuna.

Da sandar ta fito, sai ta karye gida uku. Cikin ɗoki na zube guntayen a kan ƙyalle tun ban zana musu kibiya mai nuna ciki da waje ba, ɗaya kuwa ya mirgina. Mun daɗe muna gwada bakin karaya da bakin karaya a ƙarƙashin fitila kafin su dace, domin guntun da aka juya yana juya tarihin da ke cikinsa. Malam bai yi mini faɗa ba, alƙalamin zane kawai ya miƙo mini. Kafin mu fita mun toshe ramin da kwaɓin garin dutsen da ya zuba.

A ɗakin gwaji aka nuna mini kuskurena na biyu. Da wasu sinadarai biyu ake gano shekarun ɓawon, wato yureniyam da toriyam. Yureniyam yana narkewa a ruwa, toriyam kuwa ba ya narkewa, saboda haka sabon ɓawo yana ɗauke da na farko ban da na biyu, kuma a hankali wani nau'in yureniyam da ake kira yureniyam 234 yake rikiɗa ya zama toriyam 230. Gwargwadon wannan rikiɗa ake lissafa shekaru, har zuwa kimanin 500,000. Ni kuwa na ɗebi garin gwaji daga wani layi mai launin ruwan ƙasa, saboda ya fi fitowa fili a ido, ashe laka ce ambaliya ta taɓa shafa wa ginshiƙin, kuma ta zo da nata toriyam. Sakamakon ya nuna layin ya girmi wanda ya samu kafin shi. Sai da na koma kan farin ɓawon da ke gefensa, na kankaro gari kaɗan da ƙaramin injin likitan haƙori, sa'annan shekarun suka jeru daidai.