Wane ƙarfe ya dace da kayan ajiya na gida da za a fitar zuwa ƙasashen waje?

Duk masana'antar da ke ƙera kantoci, kwandunan ɗakin girki da maratayan banɗaki domin kasuwar Turai ko Amurka, shawara mafi nauyi da take yankewa ita ce lambar ƙarfe marar tsatsa da za ta saya, wato lambar da ke nuna irin haɗin ƙarafan da ke cikinsa. A ganina, wurin da kayan za su zauna ne ya kamata ya yanke hukuncin, tun kafin a duba farashi.

Lamba 304, wadda Turawa ke kira 1.4301, tana ɗauke da kuromiyam kimanin kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, kuma ita ce ta dace da duk abin da zai riƙa jiƙewa ko taɓa abinci. Lamba 430 kusan ba ta da nikel, saboda haka ta fi araha, kuma ta wadatar ga kantar da za ta tsaya a busasshen ɗaki. Ita kuwa 316, mai ƙarin molibdenam kashi 2 zuwa 3, sai inda gishiri ya yi yawa, kamar gidajen bakin teku.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne lamba 201. An rage mata nikel an cike gurbin da manganis, kuma tun da farashin nikel ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar ƙarafa ta Landan a watan Maris na 2022, kowa ya ga dalilin da ya sa masu ƙira ke karkata gare ta. Da ido ba a bambanta ta da 304, maganaɗisu ma ba ya kama ta kamar yadda ba ya kama 304, don haka gwajin maganaɗisun da 'yan kasuwa da yawa suka dogara da shi ba ya tona komai. Sai kwandon sabulu ya yi 'yan watanni a banɗaki, jajayen ɗigo su fito a bakin walda, mai saye ya dawo da kaya.

Saboda haka a rubuta lambar ƙarfen ƙarara a cikin yarjejeniya, a nemi takardar shaida ta EN 10204 nau'in 3.1, mai nuna sakamakon gwajin ƙarfen, daga kamfanin da ya narka shi, sannan a gwada samfur da na'urar XRF mai gano haɗin ƙarfe kafin a loda kwantena. Abin da zai taɓa abinci a Tarayyar Turai kuma dole ya cika sharuɗɗan doka mai lamba 1935/2004. Ko 304 ta gaskiya tana yin tsatsa idan an goge ta da burushin da aka yi aikin baƙin ƙarfe da shi, shi ya sa ake ware mata nata kayan aiki.