Hassan da Usaini sun yi rigima kan adireshi ɗaya

'Yan uwa masu koyo, ga inda na kwana a makon nan. Daren Alhamis bayan Isha'i, tunda Juma'a ba ma buɗe shago da safe a nan Jidda, na kwafi kwamfuta-cikin-kwamfutar da na girka a manhajar VirtualBox, mai ɗauke da babbar manhajar Ubuntu Server 22.04. Ta asalin na raɗa mata Hassan, kwafin kuma Usaini. Na zaɓi a ba Usaini sabuwar lambar MAC, wato lambar shaidar katin sadarwarsa, na jona su duka da rautar gida, na'urar da ke raba intanet, kai tsaye, tsarin da ake kira Bridged.

Ina kashe su na sake kunnawa, sai rikici. In nemi Hassan ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, in tsinci kaina cikin Usaini, can kuma layin ya yanke. Na buga umarnin "ip a", mai nuna adireshin kwamfuta, a kowanne: 192.168.1.34, duka biyun! Lambobin MAC kuwa sun bambanta, farkonsu kawai ya zo ɗaya, 08:00:27, wanda dama tambarin VirtualBox ne. Na ɗora wa rauta laifi, na zare mata wuta har sau uku. Baiwar Allah ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Shayina ya huce kafin na gano bakin zaren. Ashe Ubuntu Server ba da MAC yake gabatar da kansa ba idan zai roƙi adireshi ta DHCP, tsarin da rauta ke raba adireshi da shi. Shaidar da yake miƙawa daga fayil ɗin /etc/machine-id ake ciro ta, mai haruffa da lambobi 32, kuma kwafi yakan taho da shi yadda yake. Wato rauta mutum ɗaya take gani yana ta sauya riga, sai ta miƙa masa adireshinsa na jiya.

A kan Usaini na share cikin fayil ɗin da sudo truncate -s 0 /etc/machine-id, na sake kunnawa, ya ƙirƙiro sabuwar lamba, ya samu 192.168.1.41. Ku leƙa /var/lib/dbus/machine-id ma, don in tsohuwar lambar na zaune a can za ta iya dawowa. Akwai wata hanyar, a ƙara dhcp-identifier: mac a fayil ɗin netplan, mai riƙe da saitin sadarwar Ubuntu, amma ni na fi son ta farko, don ita ta taɓa tushen cutar. Wanda zai bi ta biyun ya gwada da netplan try, in ya ɓata, bayan daƙiƙa 120 saitin zai koma yadda yake.

Makullan SSH ɗinsu har yanzu iri ɗaya ne. Wannan sai Alhamis mai zuwa, in Allah Ya kai mu.