Gishirin da ba a gani a tukunya

Jinin maigida ya haura 140 bisa 90, kuma daga nan ne likitoci ke kiransa hawan jini. Likita ya rubuta magani, amma ya ce mini rabin aikin a kicin ɗina yake. Ya yi bayanin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi guda. Yawan gishiri na sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya matsa wa jijiyoyi, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Rage gishirin da nake barbaɗawa da hannu bai ba ni wuya ba. Wahalar tana cikin wanda ba a kira shi gishiri ba. Dunƙulen magi, kusan rabinsa gishiri ne, ni kuwa sai in murmushe huɗu a miyar kuka ɗaya. Yajin da ke kan tire kullum an daka shi da magi da gishiri. Kanwar da nake jefawa a wake don ya yi saurin nuna, ita ma sodiyam ce, sinadarin da ke cikin gishiri. Ga ɗan ƙullin da ke cikin taliyar yara, ga kilishi da tsiren dare da maigida ba ya iya wucewa.

Da farko miyar ta yi lami. Yara suka yi ta ƙorafi, surukata kuwa ta ɗanɗana ta ture kwanon, ta ce, "'Yar nan, wannan ai ta asibiti ce." Abin da ya ceci tukunyar daddawa ce. Na ƙara ta, na haɗa da tafarnuwa, citta, kimba da ɗan busasshen kifi da aka daka, na bar dunƙule ɗaya kacal. Wake kuma na koma jiƙa shi tun dare, ya nuna ba sai da kanwa ba. Harshe yana sabawa, wannan na gani da idona: bayan 'yan makonni abincin biki ne ya fara yi mana gishiri.

Na kuma yawaita ganye, alayyahu da zogale da rama, saboda potasiyam ɗin da ke cikinsu na taimaka wa jiki fitar da sodiyam. Zoɓo na koma yinsa ba sukari, da citta da kanumfari. An ce yana ɗan sauke jini, amma ni ban ɗauke shi a madadin magani ba.

Tsire ne har yanzu muke ja-in-ja a kai. Mun daidaita kan ya riƙa cewa mai nama ya rage yaji, maganinsa kuma yana sha kullum da safe, duk ƙarshen wata ya je a auna shi.