Abin da ƙunar wuta ta koya min a wajen aiki

Kafin a maida ni ɗakin kulawa ta musamman ni a tunanina ƙuna matsalar yara ce, shayi ko miya ta zube wa yaro. Ashe manyan da ake kawo mana su ma ba kaɗan ba ne, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, fetur, tukunyar gas, kananzir mai gauraye, sai masu farfaɗiya da ke faɗawa murhu, sai lokacin hunturu da ake kwana da garwashi a ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 duk shekara, yawanci a ƙasashe irin namu, kuma duk mun ga abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a 2024 da tankar mai ta faɗi mutane suka je ɗiba ta kama da wuta.

Akwai wani magidanci da bana mantawa, yana zuba wa janareto fetur yana kunne. An kawo shi an shafe shi da ɗanyen ƙwai da man goge baki, wallahi sai da muka wanke duk wannan yana ihu, alhali da ruwan famfo kawai aka sakar masa na minti 20 da ya fi masa amfani. Ƙaninsa yana ce min sista ai yana magana, da sauƙi ko? Ni kuma gashin hancinsa nake kallo ya babbake, murya ta dishe, hayaƙi ya shiga, likita ya ce a sa bututun numfashi yanzu kafin maƙogwaro ya kumbura ya toshe.

A kansa na gane lissafin ƙarin ruwa da gaske, nauyinsa kilo 60, ƙuna ta ci kashi 40 na jiki, wajen lita 9 da rabi ke nan a awa 24, rabi a awa 8 na farko, kuma daga lokacin da ya ƙone ake ƙirgawa ba daga isowarsa ba, shi kuwa sai da aka yi awa 5 ana yawo da shi. Duk awa muna auna fitsari don mu ga ko ruwan ya ishe shi.

Ya tsallake wannan, sati na biyu ƙwayoyin cuta suka shiga raunin, shi ya sa nake faɗa da 'yan dubiya kan wanke hannu ko sun ji haushi.

Ranar da na koma gida jarkar fetur ɗin da ke bayan ƙofar kicin na fara fitarwa.