Dogon da ya shekara ɗari yana tsayawa kafin boda

Satin da ya wuce na je gida Jibiya gaisuwar rasuwa, a hanyar dawowa direbanmu ya rage gudu daidai inda ake aikin layin dogon nan na Kano zuwa Maraɗi, na ga cikon jar ƙasa ya miƙe ɗoɗar ya ratsa gonakin mutane, ga katafila ga tifofi sai tada ƙura suke. Wani dattijo ɗan Maraɗi da ke gefena ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallo, can ya ce min "ɗana, tun ina yaro nike jin za a kawo muna jirgi, ga shi yau har na yi jikoki". Na ce Baba in sha Allahu wannan karon da ku za a shiga. Ya ce to Allah ya sa. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai har muka iso Kano.

Don gaskiya ya faɗa, mu mutanen bakin iyaka mun daɗe muna jin ƙamshin jirgin ƙasa daga nesa. Dogo ya iso Kano tun 1911, wanda aka taso da shi daga Baro a bakin kogin Kwara, a 1912 aka buɗe shi sosai. Turawan Ingila auduga suka sa wa rai don masaƙunsu, amma manoma suka duba suka ga gyaɗa ta fi kuɗi kuma ko ba a saya ba ana iya ci, sai kowa ya koma gyaɗa, daga nan ne aka samu dalar gyaɗa da su Alhasan Ɗantata da duk labarin da muka sani. Bayan nan aka ja reshe daga Zariya ta Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, wani kuma daga Kano zuwa Nguru a 1930. Duba taswira ka gani, duk biyun sun nufi arewa ne kamar za su shiga Nijar sai suka ja birki. Katsina ma ba ta samu ba balle mu.

Kakana na wajen uba da jakai ya yi wannan harka. Ni ban riske shi da ƙarfinsa ba, amma kakarmu ta sha ba mu labari, in an cire gyaɗa an ɓare da kaka sai su haɗu ayari guda da mutanen su Ɗan Isa da ƙauyukan tsallake, kowa da mangalarsa, su bi ta Zurmi su nufi Ƙaura, kwana da kwanaki a hanya ana kwana a zango, guzurinsu fura da ƙuli-ƙuli, a je a ɗora a sikeli a karɓi kuɗi a sayo gishiri da akoko da kananzir a juyo. Ta ce ranar da ya fara ganin jirgi ya dawo ya yi sati yana kwatanta musu kukansa da yadda yake fitar da hayaƙi. Akwai wani tsohon buhun gyaɗa da ta adana a ƙarƙashin gado tana zuba tsummoki ciki, duk ya ƙoƙe, rubutun jikinsa ya kusa gogewa, ba ta yarda ko taɓa shi mu yi. Sai da na girma na gane abin da buhun nan yake nufi a wajenta.

To me ya hana dogon tsallakawa? Ai amsar a fili take, nan Ingila can Faransa, kowa ƙoƙarinsa ya ja kaya zuwa tashar ruwansa. Faransawa ba su ji daɗin yadda gyaɗar Maraɗi da Damagaram ke gangarowa Kano ta wuce Legas ba, su nasu dogon daga Kwatano ya taso ya iso Paraku a 1936 shi ma ya tsaya nan, ga Nijar can gaba da nisa. Sai a shekarun 1950 suka fito da wani tsari na tallafa wa manyan motoci su kwashi gyaɗar Nijar su kai Paraku a loda a jirgi, duk da cewa hanyar ta fi ta Kano tsawo nesa ba kusa ba. A 1959 har hukumar haɗin gwiwa aka kafa tsakanin Dahomey (Jamhuriyar Binin ta yanzu) da Nijar ta kula da layin, wato Nijar na da hannu a jirgin da ko taku ɗaya bai taɓa yi a ƙasarta ba. Hatta faɗin dogon ba ɗaya ba ne, na Faransa mita ɗaya cif, namu ya ɗara shi da kaɗan, ko da sun haɗu tarago ba zai hau na wani ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne na Yamai zuwa Doso. Lokacin Mahamadu Isufu kamfanin Bolloré ya shimfiɗa wajen kilomita 140, aka gina tasha a Yamai, a farkon 2016 aka yi bikin buɗewa, jama'a suka yi ta murna, niyyar a haɗe da Paraku ne, sai rigimar kotu ta taso a Binin kan wa ke da haƙƙin aikin, shi ke nan magana ta mutu. Dogo na kwance rairayi na binne shi, fasinja bai mora ba.

Shi ya sa da Buhari ya ƙaddamar da aikin na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil kwangilar kusan dala biliyan 2, kilomita 284 ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, da reshe zuwa Dutse, murnata da fargabata suka zo tare. Na ji masu cewa wai an kwashi kuɗin Najeriya za a yi wa wata ƙasa aiki, abin ya sosa min rai sosai, don kusan duk layin a cikin Najeriya yake, ɗan guntu ne ya shiga Nijar, kuma mai faɗin haka bai san mu ba. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, don zuriyar sarakunan Haɓe ne da suka bar Birnin Katsina lokacin jihadi. Gwaggona a Maraɗi take aure, 'ya'yanta da sefa suke ciniki mu da naira, amma ranar suna tukunya ɗaya muke ci. Da aka rufe boda a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, mun ga yadda kasuwa ta mutu murus, samari suka koma fito da babur ta cikin daji, wasu ba su dawo ba.

Ni damuwata guda ce yanzu, wa jirgin nan zai ɗauka? In kwantenonin manyan alhazai kawai zai riƙa jigila daga Legas ya wuce fuuu ta bayan gidajenmu, to mai gonar da aka yanke masa rabi aka ba shi diyyar da ba ta kai ta kawo ba me ya samu? Ina so in ga jirgin da ke tsayawa a ƙananan tashoshi, mai tarago na talaka, wanda tsohuwa za ta shiga da ƙullin daddawarta da kajinta biyu, mai buhun wake ya loda ba tare da an tsayar da shi a shinge goma sha ana karɓar na goro ba, a duba takarda sau ɗaya a tasha a wuce. Sannan a yi hanyar tsallakawa ta shanu da amalanke isassu, don na ga inda cikon ya raba ƙauye da rijiyarsa. Maganar tsaro kuma ba sai na faɗa ba, wanda ya san abin da ya faru da jirgin Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022 kuma ya san halin da dajin yankinmu ke ciki zai gane.

Da muka iso tasha dattijon nan ya sauka, yaron mota ya miƙo masa jakarsa da wani buhun gero da ya ɗauko wa 'yarsa tun daga Maraɗi, mota uku ya canza kafin ya iso. Na kama masa muka kai bakin titi ya samu adaidaita.