Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Kujerar Mai Tambaya

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya mun tsaya daidai inda aikin fim ya haɗu da shirin hira da 'yan wasa, irin wanda yanzu ake kira fodkas. Kafin labari ya ci gaba, kashin yau na sana'ar ne zalla. Matasa da dama, musamman 'yan wasanmu na nan Jos, tambayarsu ɗaya ce: da me ake farawa, kuma me ke kashe shirin wasu bayan fitowa uku ko huɗu? Wanda bai san yadda ɗakin hirar yake ba, abin da zai zo a gaba ba zai shige shi ba.

Jos ba ta rasa masu riƙe kyamara ba. A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, ga makarantar koyon fim da ke ƙarƙashinta, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield. Hoto mai kyau ba ya wahalar samu a garin nan. Sauti ne ake wa riƙon sakainar kashi, alhali da yawa daga masu bin shirin hira ba kallo suke ba. Wata tana girki, wani yana tuƙi, wani wayar na aljihu yana ɗinki. Da zarar murya ta fara fitowa kamar daga cikin rijiya, sun wuce.

Saboda haka ɗaki ake fara nema kafin na'ura. Ka tsaya tsakiyarsa ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji tafin ya dawo maka da wata 'yar ƙara a wutsiyarsa, ɗakin na da amsa-kuwwa, kuma makirufo sai ya ninka ta. Tayil, gilashi da bangon siminti tsirara su ke jawo ta. Maganinta kafet a ƙasa, labule mai kauri a taga, kujerun kushin, da katifa ko bargo a bangon da kyamara ba ta gani. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ɓata lokaci ne, ga shi abin wuta. Sannan ka ɗaga kai ka dubi sama. Daminar Jos tana kamawa tun Afrilu har Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma ƙarar ruwa a kan kwano da wuya manhaja ta cire ta ba tare da ta ƙwaƙule muryar mutum ba. Ɗakin ƙasa a gidan bene ya fi komai. In babu, a samu mai silin mai kauri, a kuma riƙa ɗauka da safe, tunda hadarin garin nan ya fi haɗuwa daga azahar zuwa yamma.

Lokacin ma da lissafinsa. Daga tara da rabi na safe zuwa kafin kiran azahar shi ne fili mafi tsawo. Juma'a a bar ta, Lahadi kuma sai an duba ko akwai majami'a mai lasifika a kusa. Ɗakin da ke bakin titin Bauchi ko kusa da kasuwar Terminus, hon ɗin keke kaɗai ya isa ya hana ka aiki.

Makirufo iri biyu aka fi samu a kasuwa. Akwai kondensa, wanda ake gani a situdiyon mawaƙa, mai buƙatar wuta bolt 48 daga na'ura. Kunnensa ya yi yawa: yana jin fanka, yana jin akuyar maƙwabta. Akwai kuma dainamik, irin Shure SM58 ko Samson Q2U ko Rode PodMic, wanda abin da ke gabansa kawai ya fi ji. Shi ne na ɗakunanmu. Kowane baki da makirufonsa, tazarar yatsu huɗu daga leɓe, a ɗan karkace ba saiti da baki ba, don iskar "f" da "b" kar ta riƙa dukan sa. Tsakanin makirufon mai tambaya da na baƙo kuma a bar aƙalla ninki uku na wannan tazarar, in an samu mita ɗaya ya fi. A sa shi a kan ƙarfen da ba ya taɓa teburin, domin Bahaushe da hannu yake magana, kuma duk bugun tebur sai ya bi ƙarfe ya shiga sauti. Ƙaramin na maƙalawa a riga yana da amfani a waje, amma da hunturu, lokacin da kowa ke zuwa da rigar sanyi mai santsi ko mayafi ninki biyu, ƙarar gogar tufafi za ka kwasa.

Rakoda irin Zoom H5 ko H6 tana ɗaukar kowace murya a layinta daban, kuma wannan rabuwar ita ce ke ceton edita daga baya. A saita ta a WAV, wato tsarin fayil ɗin sauti da ba a matse ba, 48 kHz, 24 bit. Layi biyu na awa ɗaya suna cin kusan gigabait 1, don haka memori mai gigabait 32 ya wadatar. Wajen gwaji kar ka ce wa baƙo "ce wani abu", zai yi maka ƙasa-ƙasa ne. Tambaye shi me ya karya da shi, ka ja shi har ya yi dariya, ka saita ma'aunin ƙarfin sauti na rakodar yadda dariyar ba za ta wuce -6 ba, maganar yau da kullum kuma tana yawo wajen -12. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi, wanda ya fashe kuwa ya fashe ke nan. Dole wani ya sa hedifon tun daga farko har ƙarshe. Kuma a ɗauka da batir. Caja mai araha ko wutar janareta kan saka wani gurnani na 50 Hz a ƙarƙashin murya, wanda ba a ji a ɗaki sai an zo tacewa. Wayoyi duka a kashe musu layi, har da ta baƙo, ko da Alhaji ne.

Hoto ba zan daɗe a kansa ba. Firam 25 a daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da kowane firam ke ɗaukar haske) 1/50 na daƙiƙa, saboda wutarmu 50 Hz ce, in ba haka ba fitila sai ta riƙa ƙyaftawa. Kyamarori duka su tsaya gefe ɗaya na layin da ya haɗa mutum biyun. Fitila babba a kusurwar digiri 45, a rufe taga don hasken Jos na canzawa da gajimare. Wasu tsofaffin kyamarori suna tsayawa da kansu kafin minti 30, a sa ido. In komai ya fara ɗauka, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara don haɗa sauti da hoto, sannan kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30 a ɗauki numfashin ɗakin, edita zai yi ciko da shi.

Yanzu ga inda ɗan wasa ke faɗuwa, kuma nan ne zancen ya fi yawa.

Ɗan wasa ya zo da jari: ya san numfashi, ya san inda haske yake, kyamara ba ta ba shi tsoro. Amma duk tarbiyyarsa ta lokeshan a kan cika fili take. An koya masa in abokin wasa na magana, fuskarsa ta riƙa aiki. Fitowa minti biyu ce ko uku, darakta ya tsayar, a sake. A kujerar tambaya babu mai tsayarwa, minti 50 ne a jere, kuma filin na wani ne. Ma'aunin mai sauƙi ne: in an buɗe layukan biyu a kwamfuta, na baƙo ya kamata ya cika kashi uku cikin huɗu. In naka ya yi kankankan da nasa, kai ka yi hira da kanka, shi ya zo rakiya. Alamar cutar ita ce jimlar nan, "ai ni ma lokacin da muke wani aiki…" Duk sanda ta zo bakinka, haɗiye ta.

Sai al'adarmu ta amsawa. A zaure, in babba na magana ka yi gum, rashin ladabi ne. Dole a ji "ƙwarai", "haka ne", "ikon Allah", "Allah sarki". A makirufo kuwa waɗannan kalmomi suna hawa kan maganar baƙo, in aka zo yanke guntun da za a sa a Facebook sai a tarar kowace jimla da "na'am" a tsakiyarta. A mayar da amsawar zuwa kai da ido. A gaya wa baƙo tun kafin a fara, musamman dattijo: "Baba, in kun ga na yi shiru ina gyaɗa kai, saboda na'ura ne, ina tare da ku." Gaisuwa ma haka. Ta gida da iyali da gajiya da sanyi a yi ta cikakkiya kafin a kunna komai, da shayi in da hali. A cikin shiri gaisuwa ɗaya ta isa. Kujerun kuma kar su fuskanci juna kai tsaye, a ɗan karkata su, domin ƙura wa babba ido ko macen da ba muharramarka ba na tsawon awa yana takura kowa. Idon kyamara kuwa ana kallon sa ne kawai wajen buɗe shiri da rufe shi. Wannan ma sai an koya, tunda a fim an hana mu kallon sa.

Baƙon naka shi ma ɗan wasa ne, kar ka manta. Ya zo da amsoshinsa a goge: tun yana yaro yake sha'awar fim, masoyansa su ne ƙarfinsa, babu wanda yake rigima da shi a masana'anta. In ka yi tambaya mai faɗi, irin "yaya kika tsinci kanki a harkar fim", wannan karatun za a biya maka. Tambaya mai ƙaramin baki ita ke buɗe mutum. "Hajiya, kuɗin farko da aka ba ki a fim nawa ne, kuma me kika yi da su?" "Baba, a zamanin kaset, in an gama tacewa wa ke ɗaukar fim ya kai kasuwa, kuma yaushe kuɗi ke dawowa?" "Malam, wace fitowa ce aka sa ka maimaita har ranka ya ɓaci?" Irin waɗannan suna sa mutum ya daina wasa ya fara tunowa, har muryarsa sai ka ji ta sauka.

Tambayoyi 10 zuwa 12 a kati ɗaya sun isa awa guda, a manyan haruffa, kalma uku-uku don kar ka koma karatu. Masu sauƙi a gaba, mai nauyi bayan minti 20, lokacin da jiki ya saki. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya: in ka haɗa biyu, zai zaɓi mai sauƙin ya bar ɗayar. In ya gama amsa, ƙirga uku a zuci kafin ka yi magana. Shirun zai dame shi fiye da yadda ya dame ka, kuma sau da yawa abin da ya ƙara a wannan gaɓar shi ne kan shirin. Ɗan wasan da ya iya sauraron abokin fitowarsa na gaskiya, a nan jarinsa ke biya.

Maganar aure, rabuwa, rashin lafiya da rigimar 'yan masana'anta, a daidaita ta kafin a zauna. Ka tambaya, "akwai inda ba ku so a taɓa?" In an ce akwai, ka tsaya a kan alkawari. Abin da aka faɗa a Jos da safe, kafin magariba an ji shi a Kano, inda hukumar tace fina-finai ta jihar take tun 2001, kuma inda yawancin baƙin naka ke neman abincinsu. In baƙo ya kama sunan wani da zargi, ko dai a nemi ɓangaren wancan ko a cire. A samu yardarsa a rubuce, ko a faɗe a farkon ɗauka, cewa ya amince a saki hirar da guntayenta. Masu sa kanun da ba abin da mutum ya faɗa ba suna samun 'yan kallo na mako ɗaya, daga nan kuma duk wanda suka kira sai ya ce yana lokeshan.

Da an tashi, kafin a sallami kowa, a kwafe memori a wuri biyu. Tacewa da Audacity ma tana yiwuwa, kyauta ce, masu hoto kuma DaVinci Resolve ko CapCut. A yanke duk gurnanin da ke ƙasa da 80 Hz, a rage layin wanda ba ya magana, a cire maimaici, amma kar a share numfashi duka, mutum sai ya koma kamar na'ura. Hoton waya yakan zame wa sauti a doguwar ɗauka saboda firam ɗinsa ba ya tsayawa a lamba ɗaya, don haka a duba leɓe a minti na 5, na 25 da na ƙarshe. Ƙarfin sauti na ƙarshe, wanda manhajar tacewa ke aunawa da LUFS, ya tsaya wajen -16 ga fodkas, -14 ga YouTube. A fitar da na sauti zalla a MP3, 64 kbps, layi ɗaya: awa guda ba ta kai megabait 30 ba, mai ƙaramar data zai iya saukewa ya tura wa wani a WhatsApp. Waƙar fim kuwa, ko ta baƙon ce da bakinsa, kar a sa sai da izinin mai haƙƙinta, don sau da yawa furodusa ne ko wani kamfani, kuma YouTube na gane ta da kansa ya karkatar da kuɗin tallan zuwa ga mai haƙƙin ko ya toshe bidiyon.

Abin da ke kashe shiri a fitowa ta huɗu kuwa lissafi ne. Hirar awa ɗaya tana cin yinin edita, baƙo yana ɗage rana, kai ma ana kiran ka aiki Kaduna ko Kano na kwana goma. Wanda ya saki na farko ba shi da na biyu a hannu ya riga ya makara. A tara huɗu a ajiye kafin a saki ko ɗaya, a tsayar da rana guda a mako, kowace hira a ciro mata guntaye uku na ƙasa da minti ɗaya. Kuɗin talla na YouTube ba ya fara zuwa ta dogayen bidiyo sai an kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, saboda haka kuɗin mai, na edita da na motar baƙo na watannin farko daga aljihu za su fito, a ware su tun kafin a sayi makirufo na biyu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga inda muka ajiye shi, ranar da aka fara kunna rakoda.